Igiyar da Na Yanke a Ɗakin Baba

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a gidan nan. Kun ji ta a bakin mahaifiyarku, kun ji ta a bakin gwaggonninku, har na ji ɗayanku ya fara gaya wa nasa 'ya'yan: wai girman kan Yaya Lawal ne ya jawo aka yanke wa kakanku ƙafa. Saboda wannan magana, yau shekara nawa ba wanda yake taka gidan 'ya'yansa sai in an yi rasuwa, a nan ma ku yi gaisuwa a tsaitsaye ku fito. To ku natsu ku karanta wannan babin, don shi ya sa na ɗauki biro tun farko. Labarin gonarmu ta Tsiga da na koyon gyaran rediyo da na cika muku takarda da su, duk kewaye-kewaye nake yi kafin in iso nan.

Ba ku san Baba da ƙafa biyu ba, shi ya sa ba za ku gane abin da aka rasa ba. Mutum ne da zai tashi daga Tsiga da sassafe, ya ci kasuwar Funtua, ya koma gida ya tarar da la'asar a gona, kuma duk a ƙasa. In kana binsa sai ka riƙa ɗan gudu-gudu. Da Allah ya buɗa wa Yaya Lawal a harkar sayen auduga, ya gina gida a Funtua, ya kai Baba Makka, ya dawo da shi da Inna cikin gari, ya ware musu sashe guda. Muka ce mun hutar da shi, muna faɗa muna jin daɗi. Aka sa masa kujera a ƙofar gida. In ya yunƙura zai ɗauki buta, mutum uku sun riga shi. Masallaci Yaya ya gina shi a jikin katangar gidan, taku goma ka isa. Ranar Juma'a mota. Aka kuma kawo talabijin aka ajiye masa a ɗaki, lokacin ana ƙirga gidajen da ke da ita a unguwar. Cikin shekara uku mutumin da ba ya zama ya koma daga tabarma sai kujera, daga kujera sai tabarma, ya yi teɓa, ƙafafunsa suka fara kumbura.

Ni na kai shi asibiti, don Yaya yana ƙauye wajen awon auduga. Likita ya ce ciwon suga ne, ya ba da magani, ya hana shi abin da ya hana. Sannan ya danna ƙafar Baba da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Ya ce da ni, a gaban Baba, jini ba ya gudu sosai a ƙafar nan. In tsohon nan bai riƙa tafiya kullum har ya yi gumi ba, wata rana ƙaramin ciwo zai fito ya ƙi warkewa, kuma a nan ba sauran magani sai wuƙa. Da muka fito Baba ya tsaya yana gyara hula, ya ce:

"Garba, kada ka ɗaga wa wancan hankali da wannan magana. Ita ma uwarku ka bar ta."

Wancan shi ne Yaya Lawal. Ku 'yan yanzu da kuke kiran ɗanku na fari da sunansa har ku ɗora shi a cinya a gaban mutane, sai na yi muku bayani. Baba bai taɓa furta sunan Yaya ba, Inna ma haka, don shi ne ɗan fari. Ba sa hira da shi, ba sa haɗa ido. Yaya zai zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe su, Baba ya amsa yana kallon bango, shi ke nan an gama. Duk abin da Baba yake so daga wurin Yaya ni ake gaya wa, duk abin da Yaya yake so ya faɗa wa Baba ni yake aikowa. Tun ina ɗan shekara goma nake wannan aiki tsakaninsu, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba.

Baba ya gwada tafiyar, Allah ya sani. Ya fita da hantsi ya nufi hanyar gidan gurzar auduga. Bai yi nisa ba mai babur ya tsaya, Alhaji ina zuwa, a hau in kai ka. Ya ce a'a. Na biyu ya tsaya, na uku ya tsaya har da sauka ya durƙusa. Kafin azahar labari ya isa wurin Yaya cewa an ga mahaifinsa a ƙasa cikin rana, ko lafiya? Washegari direba ya tashi da umarni: ko ƙofar gida Baba ya wuce, a bi shi da mota. Kwana huɗu Baba yana tafiya mota na binsa a hankali, yara na kallo, sai ya haƙura ya koma kujerarsa. Na ce masa to ya riƙa zagaya tsakar gida. Ya ce shi ba jakin niƙa ba ne da zai yi ta kewaya wuri ɗaya ba dalili, ga surukai mata suna kai da kawo.

Maƙwabcin shagona a bakin kasuwa Alhaji Rafi'u ne, Bayarabe, amma haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa tsabta. A wurinsa nake sayen kayan gyara. Wata rana ya dawo daga Ikko da wani ɗan akwati da ake jona wa talabijin. In ka kunna sai ɗigo fari ya riƙa yawo a gilashi, ga 'yar sanda fara a dama, ga wata a hagu, kowane ɗan wasa yana da abin murɗawa a hannu yana hawa da sauka da sandarsa don ya tare ɗigon ya mayar. Wanda ɗigo ya wuce shi an ci shi. Rafi'u ya ce wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, ba wanda ya taya. Ni kuwa hannuna ba ya ganin abu da murfi ya ƙyale. Na kwance abin murɗawar, sai ga shi irin na ƙara muryar rediyo ne sak, ba bambanci. Nan take zuciyata ta tafi ga zaren nan da ke cikin kowace rediyo, wanda in ka murɗa yake jan allurar tasha ta yi gaba ta yi baya. Na ce in zare zai ja allura, me zai hana igiya ta murɗa wannan?

Sati biyu na yi ina ɓata kaya. Na samo garen keke na kafa a jikin bango, na haɗa tsakiyarsa da abin murɗawar. Na ja igiyar rama daga wannan kusurwar ɗakin Baba zuwa waccan, ta bi ta kan kwarkwaron zare ta zagayo garen. In ka kama igiyar ka yi gaba, sanda ta hau. In ka dawo baya, ta sauka. Da farko taku biyu ya isa ka kai sanda ƙarshe, na ga wannan ai ba tafiya ba ce. Na sake lissafi har sai da ya zama dole mutum ya yi taku bakwai. Na kuma rage gudun ɗigon, don kada tsoho ya faɗi. Ɗaya abin murɗawar na bar shi yadda yake, na hannu.

Ranar da na kunna, Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe haukan da ake faɗa na masu gyaran rediyo gaskiya ne. Ban yi musu ba. Na miƙa wa Inna na hannun, ni na kama igiya, muka fara. Inna da ko rediyo ba ta yarda ta taɓa ba, sai ga ta ta ci ni sau uku a jere, tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Ta dubi Baba ta wutsiyar ido ta ce:

"Malam dai gara ya zauna. Wannan ba aikin masu nauyin jiki ba ne."

Wallahi kafin ta rufe baki ya miƙe. Ya fisge igiyar daga hannuna ya ce in matsa.

Abin da ya biyo baya shi ne wata biyar mafi daɗi da na gani a gidan nan. Kullum bayan hantsi, da kuma bayan la'asar in akwai wuta, sai a saki labule a kunna. Baba ya ce igiyar tana cin masa tafin hannu, da kansa ya ɗaura ta a ƙugu, ya tuɓe riga ya bar singileti, ya naɗe ƙafar wando kamar zai shiga fadama. Ya yi gaba, ya yi baya, yana haki yana surutu. In Inna ta ci shi ya ce na yi wa abin magani don uwata. In ya ci ta kuwa har waje ake jin muryarsa. Ita ko tana zaune a kan tabarma ƙafa a miƙe, tana murɗawa da yatsu biyu, tana ce masa a yi a hankali kada a rushe wa mutane gini. Sama da shekara arba'in da aurensu ban taɓa jin sun yi wasa da juna a gabana ba sai a kan ɗigon nan. Inna ba ta san don me na haɗa shi ba, ita dai ta ɗauka abin nishaɗi ne na kawo. Ni kuwa ƙafar nake kallo. Kumburin ya sauka har ƙashin idon sawu ya fito. Takalmin da ya ajiye ya koma shigarsa. Wata Juma'a ya sallami direba tun daga ƙofar masallaci ya taho gida a ƙasa, ya ce in mota tana so ta biyo shi.

Yaya bai san komai ba, don ba ya wuce bakin ƙofa, kuma da safe yake zuwa gaisuwa kafin a kunna. Sai wata ranar Laraba ya zo da baƙi bayan la'asar ba sanarwa. Manyan masu auduga ne daga Malumfashi, cikinsu har da wanda Yaya yake nema wa ɗansa auren 'yarsa. Suka ce ba za su koma ba sai sun gai da Alhaji babba. Suka yi sallama, ƙarar wasa ta hana a ji, Yaya ya ɗaga labule. Suka ga uban Alhaji Lawal da singileti jiƙe da gumi, igiya a ƙugu, yana sassarfa daga bango zuwa bango yana yi wa matarsa ihu. Inna ta ce ɗaya daga cikin baƙin ya tura fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Baba kam ko a jikinsa, ya kwance igiya ya zura riga ya amsa gaisuwa.

Ina shago ina fama da wata rediyo sai ga motar Yaya. Bai ko zauna ba. Akwai mutum huɗu masu jiran gyara, ga Rafi'u a bakin ƙofarsa. Yaya bai taɓa yi mini faɗa a gaban mutane ba sai ranar. Ya ce:

"An bar ka ka koyi sana'a, ashe wasan yara ka koya. Ubanmu za ka ɗaure da igiya kamar akuya, ka sa shi tsalle baƙi na dariya? Ni ina rufa masa asiri kai kana tonawa. Kafin magariba ka je ka cire shirmen nan."

Yanzu ku saurara, nan ne wurin. Maganar likita tana bakina. 'Yan kalmomi sun isa: Yaya, ƙafarsa ce, likita ya ce in bai motsa ba za a yanke. Na san Yaya Lawal ciki da waje. Da ya ji haka, da ya zauna a kan bencin nan ya dafe kai, da washegari ya sa an faɗaɗa ɗakin ma don Baba ya sami wurin gudu. Mutum ne mai son a ga girmansa, wannan ba ƙarya, amma a kan Baba zai iya kwanciya mota ta bi ta kansa. Ban faɗa ba. Shekaru na yi ina gaya wa kaina wai amanar Baba na riƙe, tunda ya ce kada in ɗaga wa wancan hankali. Ƙarya nake. Sau nawa Baba ya hana ni abu na yi? Gaskiyar ita ce kalmar nan ta wasan yara ta soke ni. Abu mafi kyau da hannuna ya taɓa haɗawa, aka kira shi shirme a gaban masu kawo mini gyara. Zuciya ta ɗebe ni, na ce a raina, to shi ke nan, tunda kai ne mai gida mai sanin komai, bari in cire, za ka gani da idonka. Na sunkuyar da kai na ce, to Yaya.

Na je lokacin Baba yana masallaci. Ban ma tsaya kwancewa ba, 'yar wuƙar da nake feɗe waya da ita na sa na yanke igiyar gida uku, na ɓalle garen daga bango har da ɓantaren siminti. Inna tana zaune tana kallona. Ta ce, shi ya ce? Na ce shi ya ce. Ba ta da bakin da za ta yi magana a kan ɗan fari. Da Baba ya shigo ya ga ramin da ke bango, ya ga guntayen igiya a hannuna, na gaya masa saƙon Yaya kamar yadda na saba isar da saƙo, har na ƙara gishiri. Baba ya sake duban bangon. Sannan ya ce:

"To. Ai gidansa ne."

Ya nemi wuri ya zauna. Na jira ya ce in koma in gaya wa wancan yana son abinsa, bai ce ba, kuma na san ba zai ce ba. Uba ba ya roƙon ɗan fari. Aikina ne in ɗauki abin da bai faɗa ba in kai, kamar yadda na yi sau ɗari a kan abubuwan da ba su kai wannan ba, a kan taki, a kan kuɗin makarantar ƙannenmu, a kan rufin ɗaki. Wannan karon na naɗe hannu.

Na bar musu akwatin da abin murɗawa biyu na hannu. Suka yi kwana biyu suna yi a zaune, Baba ya ce ba daɗi, aka tura shi ƙarƙashin gado. Ni kuma na shiga gaba da Yaya, irin gabar ƙani, gaisuwa ba ta yanke ba amma daga ita ba ƙari. Kullum in na je gidan sai na saci kallon ƙafar Baba. Na ga ta fara cikowa. Na ga takalmi ya koma ƙin shiga. Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarku ba: akwai wani ɓangare na zuciyata da yake jira ta ƙara kumbura kaɗan, yadda Yaya zai lura, ya zo shagona da ƙafarsa ya ce Garba ashe kai ne da gaskiya. Ina ta cewa sati mai zuwa zan faɗa masa. Rafi'u ma ya ce mini, Malam Garba, wannan fushin naka da wa kake yi, da yayanka ko da tsohon? Na ce ya kula da shagonsa. Damina ta shigo ta fita ina nan ina jiran a ba ni haƙuri.

Da kaka, Baba ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, babban yatsa ya ɗan fashe. Ciwon da yaro zai samu ya manta kafin yamma. Ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Muka kai shi Zariya ni da Yaya. Ban ce igiyata ce za ta hana ƙaddara ba, Allah shi ya san abin da ya rubuta. Amma na ga ƙafar nan lokacin da yake motsi, na kuma gan ta bayan ya daina, idona ba zai yi mini ƙarya ba. Likitan can ya karanta katin da muka zo da shi daga Funtua, ya ɗago ya dube mu, ya ce ai ga shi a rubuce tun bara an gargaɗe ku cewa ya riƙa tafiya kullum, me ya hana? Yaya ya ce wane gargaɗi? Likita ya maimaita masa, ya ƙara da cewa yanzu sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa.

Muka fito. Rana tsaka, mutane na ta wucewa da kwanukan abinci. Yaya ya tsaya a gindin wata darbejiya, ya juyo.

"Ranar da na zo shagonka, ka sani?"

"Na sani."

"Igiyar ta ƙafarsa ce?"

"Ta ƙafarsa ce, Yaya."

Na zaci zai mare ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Na ga hawaye a fuskar mutumin da ban taɓa ganin ya yi kuka ba. Sai ya ce:

"Kai kaɗai suke iya yi wa magana su sake. In suka san wannan, ba su da kowa. Ka bar ta a kaina."

Haka aka yi. Aka yanke ƙafar, Baba ya yi shekara biyu da 'yan watanni a kan tabarma, Allah ya karɓi abinsa. Kafin nan magana ta riga ta fita cewa igiyar nan ta magani ce, kuma Alhaji Lawal ne ya sa aka cire don kada a yi masa dariya. Kowa ya ɗauka Yaya ya sani ya take. 'Yan'uwanmu mata suka juya masa baya. Inna kuwa, daga ranar in ya durƙusa a bakin ƙofa amsarta ba ta wuce kalma ɗaya, har ta koma ga Allah. Ni kuwa na zama ɗan albarka, mai basira, wanda ya so ya ceci ubansa aka hana shi. Ana faɗa a gabana, a gabansa, a wurin suna da wurin biki. Yaya ya sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar, kowa da dalilinsa.

Dalilin da Yaya ya ba ni na yin shiru ya ƙare ranar da aka binne Inna. Bayan nan ya rayu shekara goma sha ɗaya, ina ganinsa kowane mako, ban buɗe baki na wanke shi ba, don na saba da daɗin sunan da nake ci. Shi ma bai taɓa tuna mini ba, ko da ido. Da ni aka yi masa wanka, da hannuna na sa shi a kabari, ina jin mutane a bayana suna cewa Allah ya yafe masa abin da ya yi wa mahaifinsa, na ce amin tare da su.

Yayana bai sani ba, ni na sani, kuma ni na riƙe wuƙar. Ku kai wa 'ya'yansa takardar nan su karanta tun ina da rai, ina so su same ni a gida in sun zo tambaya.